Mace da Makami: Tarihin Adawar Malaman Katolika da Shigar Mata Fagen Fama

1.0 Gabatarwa

Shigar mata aikin soja, musamman tura su bakin daga inda ake kisa ake kuma mutuwa, batu ne da aka daɗe ana ja-in-ja a kansa a ƙasashen Turai da Amurka. Daga cikin waɗanda aka sani da adawa da wannan al'amari akwai malamai da mabiya ɗariƙar Katolika masu riƙo da tsohuwar koyarwa. Sau da yawa akan ɗauka cewa adawar tasu doka ce guda, rubutacciya, wadda wani Paparoma ya kafa. Tarihi bai nuna haka ba. Abin da ya nuna shi ne hujjoji uku da suka taso a zamuna daban-daban saboda dalilai daban-daban, daga baya aka tufke su suka zama igiya ɗaya. Hujjojin su ne ta kariya, da ta tufafi, da kuma ta uwa da gida.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin waɗannan hujjoji ɗaya bayan ɗaya, ta nuna inda kowace ta samo asali da irin ƙofar da aka bar mata a buɗe. An ɗauki shari'ar Jan Dark ta ƙasar Faransa a matsayin zakaran gwajin dafi, domin a kanta ne malaman coci suka rabu biyu a fili, kuma sunanta ba baƙo ba ne ga wanda ya yi karatu a makarantun da ake koyarwa da Faransanci. Maƙalar ba za ta yanke hukunci a kan wa ke da gaskiya ba. Tarihin ra'ayin kawai za ta bayyana.

1.1 Ma'anar Wasu Kalmomi

Kasancewar takardar ta ɗalibai masu nazarin harshe ce, ya dace a daidaita ma'anar wasu kalmomi tun da farko. Idan an ce "coci" a nan, ana nufin hukumar addinin da jama'arta. "Bishop" shi ne shugaban limaman wani yanki, "Paparoma" kuwa shi ne bishop na birnin Roma kuma shugaban Katolika na duniya. An yi amfani da kalmar "aƙida" ga abin da coci ya wajabta wa kowane mabiyi ya gaskata, sannan "koyarwa" ga abin da malamai da shugabanni suka karantar amma bai kai matsayin aƙida ba. "Larura" kuma ita ce matsin da yakan sa a yi wa doka sassauci. Bambancin da ke tsakanin aƙida da koyarwa shi ne ƙashin bayan wannan nazari, don haka yana da kyau ɗalibi ya riƙe shi.

2.0 Hujjar Kariya

Hujja ta farko ba daga raina mace ta taso ba. Ta taso ne daga ƙoƙarin da coci ya yi na rage ɓarnar yaƙi a lokacin da sarakunan Turai da mayaƙansu ba su da mai tsawata musu. Dabarar da aka bi ita ce a ware wasu rukunonin mutane a ce su ba abokan gaba ba ne, ba a taɓa su.

Misali mafi daɗewa da aka sani shi ne na ƙasar Ailan. A shekarar 697 wani shugaban sufaye mai suna Adomnan, wanda ke jagorantar gidan ibada na tsibirin Iona, ya tara sarakuna da manyan malamai a wani wuri da ake kira Birr. A nan aka kafa dokar da ake kira Dokar Marasa Laifi, wadda ta ba mata da yara da malaman coci kariya daga tashin hankali. An rubuta sunayen mutum 91 da suka tsaya mata. Hukuncin wanda ya kashe mace mai tsanani ne ƙwarai: a yanke masa hannun dama da ƙafar hagu, sannan a kashe shi, danginsa kuma su biya diyya. Wani labari da aka ƙara wa dokar bayan ƙarnuka ya ce mahaifiyar Adomnan ce ta matsa masa lamba bayan ta ga gawawwakin mata a fagen yaƙi, kuma daga nan ne aka riƙa ambaton dokar a matsayin wadda ta ƴanta mata daga fita yaƙi.

Bayan kimanin shekara 300, irin wannan yunƙuri ya ɓullo a Faransa da sunan Zaman Lafiyar Allah. Taron bishop-bishop da aka yi a garin Charroux a shekarar 989 ya tsine wa duk wanda ya fasa coci, ko ya ƙwace dabbobin talakawa, ko ya doki malamin coci. Sai dai an gindaya sharaɗi a kan malamin: sai in ba ya ɗauke da makami, wato garkuwa ko takobi ko sulke ko kwalkwali. A shekarar 1023 bishop na garin Beauvais ya tsara wata rantsuwa ga mayaƙa, wadda a cikinta suke alkawarin ba za su far wa matan manya masu tafiya ba tare da mazajensu ba, ko gwauraye mata, ko mata masu zaman zuhudu. Taron Clermont na shekarar 1095 ya sanya mata cikin waɗanda ke da kariya a kowace rana.

Abin lura a nan shi ne sharaɗin da aka yi wa malamin coci. Kariya ciniki ce, hannu baka hannu ƙwarya: ka ajiye makami, a bar maka ranka. Ke nan idan mace ɗaya ta ɗauki takobi, ba kanta kaɗai ta jefa cikin haɗari ba, ta ba mayaƙi dalilin da zai yi shakkar kowace mace. Wannan shi ne zuciyar hujjar kariya. Wani shehin malami na jami'ar Salamanca a ƙasar Sifaniya, Francisco de Vitoria, ya fito da ita sarai a laccarsa ta shekarar 1539 a kan dokar yaƙi. Ya karantar da cewa ana ɗaukar mata a matsayin marasa laifi a yaƙi, ko da yaƙin da Turkawa ake yi, sai fa idan an tabbatar da laifi a kan wata mace takamaimai. Wato zato ne mai ƙarfi, amma zaton da hujja za ta iya rushewa.

3.0 Hujjar Tufafi

Hujja ta biyu ta dogara ne da Littafi Mai Tsarki. Aya ta 5 a babi na 22 na littafin Kubawar Shari'a ta hana mace sanya kayan namiji, ta kuma hana namiji sanya tufafin mace. Tun da yake sulke da kwalkwali kayan maza ne, malamai suka faɗaɗa hanin har ya haɗa da kayan yaƙi. Sukan ƙara da cewa a babi na 1 na Littafin Ƙidaya, maza ne kawai, daga mai shekara 20 zuwa sama, aka ƙidaya domin fita yaƙi. A tsakiyar ƙarni na 4 wani taron bishop-bishop a garin Gangra, wanda ke cikin ƙasar Turkiyya ta yanzu, ya tsine wa macen da ta sauya tufafinta da na maza da sunan gudun duniya. Wannan hukunci ya shiga kundin dokokin coci da malami Gratian ya tattara wajen shekarar 1140, ya zama abin karantarwa a jami'o'i.

Amma littafin da ya kawo hanin shi ne kuma ya kawo labaran da suka ba malamai aiki. A babi na 4 na Littafin Mahukunta, Debora ta raka Barak wajen yaƙi, Yayel kuma ta kashe kwamandan abokan gaba, Sisera, da turken alfarwa. A littafin Judit, wanda Katolika suke ƙirgawa cikin littattafai masu tsarki, wata gwauruwa ce ta fille kan kwamandan da ya yi wa garinsu ƙawanya. Yadda malamai suka warware wannan shi ne su ce Allah yakan zaɓi mai rauni a lokacin da maza suka gaza, don a san nasarar tasa ce. Irin waɗannan mata abin al'ajabi ne, ba abin koyi ba.

Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274 kuma ake ganin sa babban malamin tauhidin Katolika, ya daidaita batun a littafinsa Summa Theologiae. A ganinsa tufafi ya kamata su dace da matsayin mutum bisa al'adar jama'a, saboda haka laifi ne mace ta yi shigar maza. Duk da haka ya ce ana iya yin hakan ba tare da zunubi ba idan akwai larura, kamar ɓuya daga abokan gaba ko rashin wasu tufafin. Wani abin lura kuma shi ne, a sashen da ya yi magana a kan yaƙi tambayoyi huɗu ya tattauna: ko yaƙi kullum zunubi ne, ko malaman coci za su iya yin yaƙi, ko kwanton ɓauna ya halatta, da kuma ko ana yaƙi a ranaku masu tsarki. Batun mata bai shigo ba sam. Ga alama abin a wurinsa bai kai a yi tambaya a kansa ba.

A aikace ma ba a bi hanin sau da ƙafa ba. Matilda ta Toskana, wadda ta rayu daga 1046 zuwa 1115, ta jagoranci rundunoni shekara da shekaru tana kare Paparoma Giregori na 7 da magadansa daga sarkin Jamus Henri na 4. Magoya bayan Paparoma suka riƙa kwatanta ta da Debora, magoya bayan sarki kuwa suka riƙa aibata ta. A lokacin Yaƙe-yaƙen Gicciye an sha ƙoƙarin hana mata bin rundunoni, har dokokin da aka kafa a 1188 suka ce masu wanki kaɗai za a bari. Duk da haka marubutan Larabawa na lokacin, irin su Imaduddin al-Isfahani da Ibnul Asir, sun ba da labarin matan Turawa da aka samu cikin sulke a yaƙin birnin Akka. Wannan ya nuna cewa hukuncin da ake yi wa mace mai makami yakan danganta da ɓangaren da take yi wa yaƙi.

4.0 Shari'ar Jan Dark

An haifi Jan Dark wajen shekarar 1412 a ƙauyen Domrémy, a lokacin Yaƙin Shekara Ɗari tsakanin Faransa da Ingila. Ƴar manoma ce, ba ta yi karatu ba. Ta ce tana jin muryoyin waliyyai suna umurtar ta da ta ceto Faransa ta kai yarima Charles a naɗa shi sarki. A farkon shekarar 1429 ta isa fadar yariman a Chinon cikin shigar maza, da gashinta a yanke.

Yariman bai yi gaggawar amincewa da ita ba. Ya tura ta birnin Poitiers inda malaman tauhidi suka yi mata tambayoyi na kimanin mako uku, wasu manyan mata kuma suka tabbatar da budurcinta. Malaman suka ce ba su ga wani aibu a tare da ita ba, kuma bisa halin matsin da ƙasar take ciki ana iya jarraba ta. Wato ƙofar larura ce suka buɗe. A ranar 8 ga Mayu 1429 sojojin Ingila suka janye daga ƙawanyar da suka yi wa birnin Orléans, kwana ɗaya bayan kibiya ta same ta tsakanin wuya da kafaɗa. A ranar 17 ga Yuli aka naɗa Charles na 7 a birnin Reims tana tsaye a wurin da tutarta.

Tun a wannan shekara malamai suka rabu. Akwai wata ƴar takarda da ake dangantawa da Jean Gerson, tsohon shugaban jami'ar Paris, wadda ta kare ta da cewa hanin tufafi yana da manufa, kuma idan manufar ba ta ɓaci ba, larura ta wanke ta. Wani malami daga Paris ya mayar da martani yana zargin ta da saɓa wa nassi. Ruwa ba ya tsami banza: a lokacin birnin Paris da jami'arsa suna hannun Ingila da abokan ƙawancenta na Burgundi.

A ranar 23 ga Mayu 1430 sojojin Burgundi suka kama ta a Compiègne, daga baya suka miƙa ta ga Ingila a kan kuɗi lifa 10,000. Aka gurfanar da ita a gaban kotun coci a birnin Rouen daga watan Janairu 1431. Alƙalin shi ne Pierre Cauchon, bishop na Beauvais, garin da aka tsara rantsuwar kare mata shekara 400 kafin nan, kuma shi mutumin Ingila ne a siyasa. An fara da tuhuma 70, ciki har da cewa ta ɗora kanta a kan maza ta zama shugabar runduna. Daga baya aka taƙaita su zuwa 12, ɗaya daga ciki kacokan a kan tufafi. Game da yaƙin kansa, ta shaida wa kotun cewa ta fi son tutarta nesa ba kusa ba a kan takobinta, cewa takan riƙe tutar ne don kada ta kashe kowa, kuma ba ta taɓa kashe mutum ba.

Bisa ƙa'ida, wadda kotun coci ke tuhuma a kurkukun coci ya kamata a tsare ta, ƙarƙashin kulawar mata. Ta roƙi haka, aka hana ta. Aka bar ta cikin mari a hannun sojojin Ingila maza. A ranar 24 ga Mayu, ana nuna mata wuta, ta sa hannu a takardar tuba ta karɓi tufafin mata, amma sai aka mayar da ita wurin masu gadin nan. Bayan kwana huɗu alƙalai suka same ta cikin shigar maza. Shaidun da suka yi magana daga baya sun kawo bayani iri biyu: wasu sun ce masu gadin ne suka ɗauke rigarta suka bar mata kayan maza kaɗai, wasu sun ce an yi yunƙurin keta mata haddi. Ko wanne ne, gaba kura ce baya sayaki. A dokar lokacin, wanda ya tuba daga bidi'a ba a kashe shi, amma wanda ya koma bayan tuba hukuncinsa kisa ne. Komawa ga tufafin, tare da faɗin da ta yi cewa muryoyin sun sake yi mata magana, shi ya cika sharaɗin. A ranar 30 ga Mayu 1431 aka ƙone ta a tsohuwar kasuwar Rouen tana da kimanin shekara 19.

Bayan an kori Ingila daga yankin, mahaifiyarta Isabelle Romée ta kai ƙara, Paparoma Kalistus na 3 ya ba da izinin sake duba shari'ar a 1455. An saurari shaidu fiye da 100. Malaman da suka ba da fatawa sun koma ga hujjar larura ta Toma Akwinas, suka ce tufafin kariya ce ga mutuncinta a tsakanin maza. A ranar 7 ga Yuli 1456 aka soke hukuncin farko bisa dalilin maguɗi da rashin bin ƙa'ida. Ya kamata ɗalibi ya lura da abin da kotun ta biyu ba ta yi ba: ba ta ce mata za su iya fita yaƙi ba. Ta wanke mace ɗaya ne, ta bar koyarwar a inda take.

Haka abin ya ci gaba. A ƙarni na 17 an yi wata mata ƴar Sifaniya, Catalina de Erauso, wadda ta gudu daga gidan zuhudu ta yi shigar maza ta yi aikin soja a ƙasar Chile. Bisa tarihin rayuwar da ake danganta mata, a 1626 Paparoma Urban na 8 ya ba ta izinin ci gaba da sanya tufafin maza. Wannan Paparoma ne kuma ya sa aka ɗauko ƙasusuwan Matilda ta Toskana aka binne su a babban cocin Bitrus da ke Roma. Ita kuwa Jan Dark, Paparoma Benedikt na 15 ya sanya ta cikin waliyyai a ranar 16 ga Mayu 1920, shekara 489 bayan mutuwarta. A jerin waliyyan coci, cikin rukunin budurwai aka ajiye ta.

5.0 Hujjar Uwa da Gida

Hujja ta uku ita ce mafi ƙuruciya, kodayake ita aka fi ji a yau. Ta yi ƙarfi ne a lokacin da masana'antu suka fara jan mata daga gidaje. A wasiƙarsa ta 1891 a kan halin ma'aikata, Paparoma Liyo na 13 ya ce akwai ayyukan da ba su dace da mace ba, domin halittarta ta fi dacewa da aikin gida da renon yara. Paparoma Piyus na 11 ya maimaita wannan a 1931, inda ya soki tsarin da ƙarancin albashin uba ke tilasta wa uwa fita neman kuɗi. A wani jawabi ga matan Italiya a watan Oktoba 1945, Piyus na 12 ya ce kowace mace uwa ce, ko ta haihuwa ko ta ruhi, amma a cikin jawabin nan ne ya kira su da su fito su shiga harkokin jama'a da siyasa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya kafa doka a kan aikin soja. Mabiya ne suka ciro hukuncin da kansu: wadda aka halitta don ta ba da rai bai kamata a horar da ita ta ɗauke shi ba, kuma ƙasar da ke tura iyaye mata bakin daga ta ci amanar abin da take cewa tana karewa.

An fi ganin tasirin wannan hujja a Amurka. Lokacin da aka kafa rundunar mata masu taimaka wa soja a watan Mayu 1942, wasu jaridun Katolika sun soki shirin, kuma bishop na garin Fall River, James Cassidy, ya bayyana fatansa cewa kada mace Bakatolika ta shiga. Duk da haka mata Katolika da yawa sun shiga. A shekarun 1970 wata mata Bakatolika, Phyllis Schlafly, ta jagoranci yaƙi da gyaran tsarin mulkin da zai daidaita haƙƙin maza da mata, wanda majalisar dokoki ta amince da shi a 1972. Ɗaya daga cikin manyan makamanta shi ne gargaɗin cewa gyaran zai sa a tilasta wa ƴan mata shiga soja a kai su fagen fama. Ana buƙatar amincewar jihohi 38, aka tsaya a 35, wa'adin ya ƙare a 1982. A 1981 kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar da ta ce maza kaɗai za su yi rajistar kiran soja. Abin lura shi ne, wadda ta ja ragamar wannan gwagwarmaya ba bishop ba ce, ba kuma da sunan hukumar coci ta yi ba.

6.0 Daga Shekarun 1960 Zuwa Yau

Babban taron coci na Vatikan na Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya sauya salon magana. Takardarsa a kan coci da duniyar zamani ta yi tir da nuna bambanci saboda jinsi a haƙƙoƙin ɗan Adam na asali, ta kuma kira sojoji masu hidimar tsaro da ƴancin jama'a ba tare da ta ce maza ko mata ba. Littafin koyarwar Katolika na 1992 ya bi wannan sawu: ya jera sharuɗɗan yaƙin kare kai, ya ce hukuma tana da ikon ɗora wa ƴan ƙasa nauyin tsaro, bai ware mata ba. Paparoma John Paul na 2 ya yi gargaɗi a 1988 cewa neman ƴancin mata kada ya kai ga mayar da su maza, kuma masu adawa sukan kafa hujja da wannan. Amma idan aka kwatanta da batun limanci, bambancin yakan fito. A 1994 wannan Paparoma ya yanke hukunci ƙarara cewa coci ba shi da ikon naɗa mata limamai. A kan aikin soja ba a taɓa yanke irin wannan hukunci ba.

A ɗaya gefen, ƙasashe sun yi gaba. Kanada ta buɗe wa mata guraben faɗa a 1989. Italiya, inda fadar Paparoma take, ta yi dokar karɓar mata a soja a 1999. Jamus ta buɗe dukkan guraben a 2001 bayan hukuncin kotun Tarayyar Turai a ƙarar da Tanja Kreil ta shigar. Amurka ta soke haninta a 2013, ta buɗe dukkan guraben a ƙarshen 2015. Dokar yaƙi ta duniya ma ta bar tsohon ma'auni: ƙarin yarjejeniyar Geneva na 1977 ya raba mutane ne tsakanin mayaƙi da farar hula, ko namiji ko mace. Wannan ya zare wa hujjar kariya ƙafa ɗaya, domin kariyar yanzu ta rataya ne a kan abin da mutum yake yi.

Inda tsoffin hujjojin suka fi samun mafaka shi ne tsakanin masu ra'ayin riƙau waɗanda ba su gamsu da sauye-sauyen Vatikan na Biyu ba. Fitaccen jagoransu shi ne Marcel Lefebvre, tsohon babban bishop na Dakar, wanda ya kafa ƙungiyarsa a 1970. Irin waɗannan mabiya suna cikin waɗanda suka fi girmama Jan Dark a Faransa, kuma ba sa ganin wani tufka da warwara a cikin haka, domin a wurinsu ita kira ne na musamman daga Allah wanda ba a gina doka a kansa. A fadar Vatikan kanta, rundunar ƴan Suwizalan masu gadin Paparoma, wadda aka kafa a 1506, maza kaɗai take ɗauka.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa adawar malaman Katolika da shigar mata fagen fama koyarwa ce mai dogon tarihi, amma ba ta taɓa zama aƙida ba. Hujjar kariya ta taso daga neman rage zubar da jini, ta ba mata aminci bisa sharaɗin su nisanci makami. Hujjar tufafi ta taso daga nassi, amma manyan malamai sun bar mata ƙofar larura. Hujjar uwa da gida ta yi ƙarfi a zamanin masana'antu, kuma mabiya ne suka fi faɗaɗa ta zuwa aikin soja. Shari'ar Jan Dark ta nuna yadda littattafai iri ɗaya suka isa a ƙone mutum a 1431, suka kuma isa a wanke shi a 1456, gwargwadon wanda ke riƙe da birnin da kotun take zaune.

Tambayar da ta rage tsakanin Katolika a yau ita ce ko abin da aka yarda wa mace ɗaya saboda larura zai iya zama tsari ga kowa. Masu riƙo da tsohuwar koyarwa sun ce a'a, wasu sun ce tun da coci bai hana ba, lamarin na hukumomin ƙasa ne da lamirin kowace mace. Ɗalibin da zai fassara ko ya yi rubutu a kan wannan batu da Hausa ya kiyaye wurin zaɓen kalma, kada ya ce "haramci" inda "ƙyama" ake nufi, ko ya ce "aƙida" inda "koyarwa" ce kawai.